Wuyan Keke

A Zogno, inda kogin Brembo ke lasar gindin gidaje,
na tura keken yayana cikin shagon Dorina Pesenti
ranar Talata, ƙararrawar coci na buga goma.
Shuɗi ne, na ƙarfe, siriri kamar wanda ya tashi daga jinya.
Shekara tara yana rataye a ɗakin ajiya,
tun da Tullio ya daina hawan komai.

Na ce mata wuya nake nema.
Ta ce, "Wuya kam tana can hawan Miragolo, kyauta ake sha."
Ta jawo aljihun tebur, ta zube su kan tsumma.

Ga wani baƙi mai kauri, wuyan bijimi,
ka ɗora shi a jikin nan, barewa ta koma sa.
Ga wani da rubutu gefe da gefe,
yana ihun sunan kamfaninsa.
Wani ya ɗaga kai kamar mai leƙen katangar maƙwabta.
Sai na ƙarshe:
farin ƙarfe mai sheƙi, dogo, miƙe ɗoɗar,
milimita ɗari da talatin,
noti ɗaya tal, ya ɓuya a ƙarƙashi kamar mai jin kunya.

Ni tela ne. Shekara arba'in tef na rataye a kafaɗata.
Na san abin da wuyan riga ke yi wa mutum,
yatsa ɗaya ka ƙara, ango ya zama mai cin bashi.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.
Na sa hannu na danne dogon.

Dorina ba ta dubi ƙarfen ba, bayana ta duba.
"Ermanno, taɓo yatsun ƙafarka."
Na sunkuya. Hannuna ya yi zango a gwiwa.
"Casa'in," in ji ta, "mai ɗan ɗaga kai."
Na ce wannan ai na masu zuwa sayen burodi ne.
Ta ce, "Kai a sama kake zaune.
Kyan nan daga gefe ake ganinsa.
'Yan bakin titi kake yi wa sayayya?"

Na biya. Ta shafa giris, ta ɗaure, ba ta ƙara tankawa ba.

Lahadi da sassafe, a gilashin kantin magani,
na ga keke ya gifta, da wani mutum kwance a kansa,
baya a shimfiɗe, ƙaho can ƙasa,
sai da na ce, Tullio!
Ƙiftawa ɗaya. Gilashin ya ƙare, bango ya karɓa.

Sauran tafiyar kwalta na gani.
Kwalta, da tayar gaba, da gumina yana ɗiga kan farin ƙarfe.
An ce bishiyoyi sun yi ja a makon nan,
an ce ƙanƙara ta sauka kan duwatsu.
An ce.
Yatsuna sun mutu tun kwana ta huɗu,
ƙeyata ta ƙi ɗaguwa ko don gaisuwa.
Wuyan da na zaɓa, wuyar da na sha,
harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Talata na koma.
Ta riga ta ware gajeren a gefen tebur,
ta kankare rubutun jikinsa, ta goge shi har yana ɗaukar ido.
Ba ta ce na faɗa maka ba.
Kofi ta miƙo mini, ba sukari.

Yanzu ina ganin duwatsu.
Keken ya ɗan ɗaga haɓa, kamar mai shirin yin tambaya,
ni ma na daina waiwayen gilashin kantin magani,
sai jefi-jefi.

Dogon yana kan teburin ɗinkina,
yana danne yadi kada iska ta kwashe.
Masu kawo awo sukan ɗauka su juya shi,
su ce, wannan fa, na mene ne?
In ce, awon yayana ne.